Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Tsaro Da Shugaban Hukumar Fanshon Sojoji

Ranku ya daɗe,

Na rubuto ne a kan sojojin da aka sallama saboda rauni, musamman 'ya'yanmu na karkarar Kano ta arewa: Bichi, Dambatta, Makoɗa, Tsanyawa da Dawakin Tofa. Roƙona ɗaya ne. Kada a sake sallamar soja mai rauni sai haƙƙinsa ya riga shi isa gida.

Tun daga 2009 samarinmu ke tafiya fagen daga a Borno da Yobe, daga baya kuma dazukan Zamfara da Katsina. Wanda nakiya ta cire wa ƙafa, ko harsashi ya lalata wa ƙugu, a kan yi jinyarsa a asibitin soja irin na 44 da ke Kaduna, kwamitin likitoci ya duba shi, a yanke cewa aiki ya ƙare. Daga nan sai wani yaƙin ya fara, na takardu. Fayil sai ya bi ta bataliya, ya je hedikwata, kafin ya kai Hukumar Fansho a Dutsen Alhaji, Abuja. Harafi ɗaya ya saɓa tsakanin takardar sallama da asusun banki, garatuti ya tsaya. Idan tsofaffin sojoji masu ƙafa biyu sai da suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Disambar 2024 da Janairun 2025 kafin a saurare su, ina ga wanda ba ya iya hawa mota sai an ɗauke shi?

Ku dubi gidan da yake komawa. A nan ƙasar noma ta yi kaɗan, gado ya yayyanka gonaki, ba a barin fili ya huta. Gona ba ta bayarwa sai an kai taki da mangala tun da rani, an yi huɗa, an yi noman fari da maimai. Duk aikin ƙarfi ne. Mai ƙafa ɗaya dole ya ɗauki 'yan ƙwadago, su kuma ba sa jiran Abuja. Fansho ya yi jinkirin damina ɗaya, sai a sayar da tumakin uwargida, a jinginar da gona. Gonar da aka jinginar kuwa da wuya ta dawo.

Shawarata huɗu ce. Na farko, albashinsa ya ci gaba da shiga har watan da fansho zai fara, kada a bar giɓi. Na biyu, a buɗe teburin Hukumar Fansho a Barikin Bukavu, a ɗora wa jami'i sananne alhakin kowane fayil, ya riƙa bin naƙasassu gida don tantancewa, tare da ƙungiyar 'yan mazan jiya da hakimai. Na uku, a ƙulla yarjejeniya da Asibitin Ƙashi na Dala domin ƙafar roba da gyaranta har ƙarshen rayuwa, a haɗa da kula da masu firgita da rashin barci, waɗanda a ƙauye ake cewa iska ce ta taɓa su. Na huɗu, cibiyar koya wa sojoji masu barin aiki sana'a da ke Oshodi, Legas, ta yi nisa. A kawo horon sana'a kusa, irin wanda ya dace da jikinsu: kiwo, injin niƙa, awon hatsi a Dawanau, ko injin ban ruwa a Watari da Tomas.

Kowace 15 ga Janairu kuna ajiye furanni domin waɗanda suka kwanta dama. Allah Ya jiƙansu. Amma rayayyun suna nan zaune a zaurukanmu, kuma matasan da kuke nema su shiga soja suna kallonsu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wannan amana ce a wuyanku, kuma za a tambaye ku. Allah Ya ba ku ikon sauke ta.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta daga ƙasar Dambatta