Sensar leza ta san gudun hannu, ba ta san fatarki ba

1/ Ƙawata ta je wani wurin gyaran jiki a yi mata leza a fuska saboda tabon ƙuraje, saura wata biyu bikinta. Aka ce mata kar ta damu, injin yana da sensa, ba ya kuskure. Bayan sati uku kumatunta suka yi duhu layi-layi. Tun ranar maganar nan take cina. 🧵

2/ Sensar fa gaskiya ce, ba yaudara ba. Kun san mawus ɗin kwamfuta mai jan haske a ƙasa? Hoton saman tebur yake ɗauka da sauri-sauri, yana kwatanta na yanzu da na baya, da haka yake gane inda hannunka ya nufa da irin gudunsa.

3/ Irin wannan dabarar aka sa a kan wasu na'urorin leza da ake riƙewa a hannu. Misali Fraxel, da ta fito a Amurka a 2004. Tana huda fata da ɗigo-ɗigon zafi ƙanana sosai, ta bar lafiyayyar fata a tsakaninsu don wurin ya warke da wuri. In hannun mai aikin ya yi sauri, ta ƙara saurin harbi. In ya yi sanyi, ta rage. In ya tsaya cak, ita ma ta tsaya.

4/ Ta farkon ma sai an shafa wa mutum wani shuɗin rini a fuska kafin sensar ta iya bin fatar. Ku yi tunanin amarya da fuska kamar an tsoma ta a marinar Ƙofar Mata 😅 Daga baya aka daina buƙatarsa.

5/ To a nan nake da ja. Abin da sensar ta sani shi ne motsin hannu. Ƙarfin zafin, da sau nawa za a bi wuri ɗaya, da ko irin wannan lezar ta dace da ke tun farko, duk mutum ne yake zaɓa. In ya sa ƙarfin da ya yi wa fatarki yawa, injin zai raba miki shi daidai wa daida, ko'ina a fuskar.

6/ Kuma mu baƙaƙe abin ya fi shafa. Fatarmu in ta ji zafi ko rauni, sai ta ƙara fitar da sinadarin launi, wurin ya yi duhu, ya ɗauki watanni bai washe ba. A ma'aunin Fitzpatrick da likitocin fata ke amfani da shi, yawancinmu rukuni na 5 da na 6 muke. Shi ya sa wajen cire gashi ake fifita mana lezar Nd:YAG, mai 1064.

7/ Masu shafa man bilicin, ku faɗa kafin a fara, don Allah. Ba lokacin kunya ba ne.

8/ Ni dai kafin in kwanta a gadon nan sai na tambaya: wace irin leza ce? Wa zai riƙe ta, likitan fata ne ko wadda aka nuna wa jiya? Za a gwada a ɗan wuri a ɓoye, a jira a ga yadda fatar za ta yi? Wanda ya amsa min da "ai tana da sensa" kawai, jakata zan ɗauka.

9/ Ƙawar tawa an yi biki, kwalliya ta rufe abin a hoto. Wata biyar ke nan tana zuwa wurin likitan fata, kuma kumatun hagu har yanzu bai dawo daidai ba.