Yardar uwaye ita ce guzurin farko

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Yaron Takanamat da ya kai aji biyar ko aji shida ya ji labarin tabkin Tabalak a bakin malaminsa. An gaya masa akwai masunta da jiragen ruwa, akwai garake a bakin ruwa, akwai tsuntsaye masu zuwa daga Turai lokacin ɗari. Shi kuwa abin da ya sani rijiya ne, da tabkunan damina masu ƙafewa. Gani ya kori ji. Don haka ya kamata lakwal ta kai ɗiyanta su gani da idonsu.

Takanamat tana arewa maso yamma da birnin Tawa. Tabalak tana arewa maso gabas, wajen kilomita 50 daga Tawa, bisa hanyar Abalak da Agadas. A shekarar 2005 aka sa tabkin cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. In an ce a je a komo rana ɗaya, a mota yini zai ƙare, ba abin da yara za su gani. Sai an kwana. Wurin kwanan nan maganar take yin nauyi.

Wasu malamai suna zaton wuyar tafiya ita ce samun mota da kuɗin abinci. Abin da ya fi waɗannan wuya shi ne yardar uwaye. Malamin da ya samu mota bai samu yarda ba, ko dai ya tafi da rabin aji, ko ya tafi da yaran da uwayensu za su kwana ba barci.

Tsoron uwaye ba jahilci ba ne. A wannan ƙasa yaro yana kwana daji tare da bisashe. Almajiri yana barin gida shekara da shekaru. Amma makiyayi yana hannun yayansa ko baffansa, almajiri kuma ubansa ne ya damƙa shi ga malam hannu da hannu. Abin da uwa take tambaya shi ne: a hannun wa ɗana zai kwana?

Akwai kuma maganar tsaro. A shekarar 2017 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara, arewacin jihar Tawa. Ranar 21 ga Maris 2021 ƴan bindiga suka afka wa ƙauyukan yankin Tiliya, gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe. Mutanen Takanamat maƙwabtan wannan yanki ne. Uban da ya ce ba ya son ɗansa ya kwana bisa hanya ya san abin da yake faɗi. Kada a yi masa dariya, kada kuma a ce masa "ba komi". Amsar da ta dace da shi ita ce wadda aka samo daga bakin hukuma. Tun kafin a sa rana, shugaban lakwal ya nemi izinin hukumar makarantu, ya sanar da magajin gari da jandarma. In sun ce hanya ba ta da kyau, magana ta ƙare, a fasa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Lokacin da ya fi dacewa da tafiyar shi ne Disamba ko Janairu, bayan an kai amfanin gona gida, kafin zafin bazara. Amma a Adar wannan shi ne lokacin ci-rani. Magidanta da yawa suna Abijan, ko Nijeriya, ko Libiya, ko Aljeriya. Uwa ce a gida, ita kuwa sau da yawa ba za ta yanke irin wannan magana ita kaɗai ba. Sai ta kira maigida a waya, ko ta shawarci kakan yaro. Malamin da ya aika takarda ranar Litinin yana son amsa ranar Talata ya sa ta cikin tsaka mai wuya, kuma abin da zai samu "a'a" ne. A ba uwaye wata guda cur.

Takarda ma ba ta isa ba. Ba kowane gida ke da mai karanta ta ba, kuma takarda ba ta amsa tambaya. Malami ya fara da gaida maigari da liman, ya zauna da kwamitin kula da lakwal da ƙungiyar uwaye mata. Sa'an nan a kira taro, a yi magana da Hausa, a samu mai maimaitawa da Tamajak da Fulatanci, don kada kowa ya tashi bai gane ba. A taron a faɗi abu biyar a fili:

1. Ranar tashi da ranar komowa, da sunan direba da irin motarsa.
2. Inda yara za su kwana, da wanda zai tsare ƙofa.
3. Abin da za su ci, da inda ruwan shansu zai fito.
4. Likitar da ta fi kusa, da wanda zai kai yaro in bai ji daɗi ba.
5. Kuɗin da za a kashe, dala bisa dala, da lambar wayar da uwa za ta kira.

Malamin da zai iya amsa waɗannan shi ne wanda ya riga ya je wurin da ƙafarsa. Ya ga ajin da abokin aikinsa na can zai ba da aro, ya duba makewayi, ya gaida hukumar garin. Wanda bai je ba, alkawarinsa iska ne.

Maganar ƴan mata ita ce ta fi son hankali. In ba a kula ba, maza ne za su cika mota, mata su tsaya gida suna daka. Ba za a gyara wannan da dogon jawabi ba. Abin da ke gyara shi ɗakin kwana ne daban, da malama, da dattijuwa biyu ko uku waɗanda uwayen da kansu suka zaɓa. In matar da gari ya yarda da ita ta ce ita za ta kwana a bakin ƙofa, uwaye da yawa za su saki jiki. Haka kuɗi: kada yaro ya rasa tafiya don gidansu ba su da shi. Mai hatsi ya ba da tiya guda, mai wake ya ba da wake, a haɗa tukunya ɗaya.

Su ma yara suna da nasu shiri, kuma shirin nan karatu ne. A darasin lissafi su auna tiya nawa za ta ciyar da mutum 40 kwana biyu, da lita nawa ta ruwa za a ɗauka. A darasin sanin ƙasa su zana hanya, su sa sunan kowane gari. Kowa ya rubuta kayansa: tabarma, bargo don sanyin dare, gidan sauro, kwano, buta, sabulu, takalmi, littafi da alƙalami. A raba su goma goma, kowane rukuni da babba guda. A ƙirga su kafin a hau mota, a ƙirga bayan an sauka, a ƙirga kafin a kwanta.

Dokoki kada su yi yawa, amma a faɗi dalilin kowace. Ba mai shiga tabki, ko don wanke ƙafa. Yaron tudu bai iya iyo ba, kuma ruwan kwance yana ba da tsargiya: ƙwayar cutar tana fitowa daga wasu ƴan dodon-koɗi na cikin ruwa, ta huda fata, bayan wani lokaci yaro ya riƙa fitsarin jini. Ba mai shan ruwan da ba na bido ba. Ba mai fita da dare shi kaɗai ko ba fitila, saboda kunama da maciji. Yaron da ya san dalili yana riƙe doka ko malam ba ya kallo.

Akwai abin da yaro ba ya faɗi gaban aji. Wani yana tsoron duhu, wani yana fitsarin kwance, wata tana shan magani kullum. Malami ya tambayi uwa a keɓe, ya riƙe asirin. In ba haka ba, yaron zai ce ba ya son zuwa, alhali kunya ce ta hana shi.

Wasu za su ce duk wannan wahala don kwana ɗaya ko biyu ɓata lokaci ne, gwamma a zauna a yi karatun jarrabawa. Amma yaron da ya auna hatsi, ya zana hanya, ya tambayi masunci yadda ake kama tarwaɗa, ya rubuta amsar da hannunsa, bai bar karatu ba. Lakwal kuma ta samu abin da ya fi tafiyar daɗewa: uwayen da suka taɓa zama da malami suka ji gaskiya a bakinsa, gobe ba za su yi saurin cire ɗiya daga aji ba.

In hukuma ta hana tafiya, shirin bai faɗi ƙasa banza ba. Ana iya kwana cikin filin lakwal, uwaye na kusa, a kira tsofaffi su ba da tarihin gari, a koyi sunayen taurari, a ajiye Tabalak sai hanya ta yi kyau. Uban da ya ce ɗansa ba ya zuwa, a karɓi maganarsa da ladabi, kada a goranta wa yaron.

In kuwa an je an komo, sauran aiki guda. A sake kiran uwaye. Yara su karanta abin da suka rubuta, su nuna zanensu. Mai ajiyar kuɗi ya faɗi abin da aka kashe da abin da ya saura. Ɗa amana ne. Wanda ya karɓe shi gaban jama'a, gaban jama'a ya kamata ya mayar da shi.