Kafin a kora sa kasuwa don kwamfutar zane

Da sakamakon bak ya fito, iyaye a Tanut da Belbeji sai su shiga lissafi. Yaro ya samu gurbi a sashen gine-gine na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko a EMIG ta Yamai, bai yi wata guda ba ya bugo waya: "Baba, malam ya ce kowa ya zo da kwamfutarsa, za a fara AutoCAD." A Damargu kuwa mun san inda irin wannan kuɗi ke fitowa. Sa ake korawa kasuwa, ko raguna, ko a buɗe rumbu tun rani bai yi nisa ba.

Ban ce kada a saya ba. Zanen gini da na inji da taswirar fili duk sun koma cikin kwamfuta, kuma yaron da ke jiran aron ta abokinsa sai tsakar dare ba zai ƙware ba. Yadda ake sayen ne ke damuna.

Uba ya shiga shago a Damagaram, ko ya ba ɗan kasuwa saƙo zuwa Kano. Mai shago ya nuna masa ɗan tambarin da ke gefen madannai: "Alhaji, Core i7 ce, babu ta sama da ita." Shi ke nan, an biya. Haka aka kawo wa ɗan ƙanena wata mai sheƙi, i7 ɗin gaske, amma ƙirar 2012. Kafin ta buɗe zane ɗaya an dafa shayi an sha. Abin da ba a gaya wa iyaye shi ne i5 da i7 suna da zamani-zamani, kuma lambar da ke biye ce ke faɗa. In an ga i7-3520M, ƙarni na uku ke nan. I5-8350U kuwa na takwas ne, ya fi wancan ƙarfi nesa ba kusa ba duk da ƙaramin suna. Ga kuma wani dalili: Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma, in ban da ƴan kaɗan, daga ƙarni na takwas yake karɓa.

A ganina, mai ƙaramin ƙarfi ya nemi ta hannu, irin waɗanda kamfanonin Turai da Amurka ke sallamawa: ThinkPad T480, Dell Latitude 5490, HP EliteBook 840 G5. Ba su da ado, amma ana buɗe su a share ƙura, a ƙara musu RAM, a sake batir. RAM ɗin ya kai giga 16, in ya gagara a fara da 8 a ƙara daga baya. Ma'ajiyar ta zama SSD. Wannan ya ishi zanen AutoCAD na shekarun farko. Sai yaro ya kai ga Revit ko SolidWorks ake maganar Dell Precision ko HP ZBook masu katin hoto na daban.

Samari sun fi son manyan kwamfutocin wasa masu fitilu. A ɗakin da babu sanyi, a zafin Afrilu, sai ka ji fankarsu na kuka kamar injin niƙa, da an ɗauke wuta kuma batirin ba ya jimawa. Ƙurar hunturu ta ƙarasa sauran.

In daga Kano za a kawo, a duba madannai, don yawancin na can QWERTY ne, yaranmu kuwa da Faransanci suke rubuta rahoto, sun saba da AZERTY. Kan cajar ma mai ƙafa uku ne, bai shiga namu. A rage kuɗin linzamin kwamfuta mai ƴar taya a tsakiya. Ba a zane da shafa yatsa.

Malamai, rabin laifin naku ne. "Kowa ya zo da kwamfuta" ba bayani ba ne. Layi huɗu a takarda, wace manhaja za a yi a bana, wane ƙarni, RAM nawa, SSD nawa, sun isa uban da bai taɓa riƙe kwamfuta ba ya miƙa wa mai shago ya ce wannan nake so. Ku kuma gaya wa yara Autodesk na ba ɗalibai da malamai lasisin shekara guda kyauta, ana sabuntawa, FreeCAD da QGIS kuwa ba a biyan ko dala. Da yawansu biya suke a zuba musu ta sata, wadda sau da yawa ke zuwa da cuta.

Ranar saye a je da yaron ko wani da ya gabace shi a karatu. A cire caja, a buɗe zane mai nauyi, a zauna rabin awa a shagon ana kallon batir da zafin jikinta. In mai shago ya ƙi, a tashi a duba shagon gaba.