Sharhi: Ruwa Mai Zartsi da Kayan Aikin Gida a Yammacin Zamfara

Ruwa mai zartsi, wanda wasu ke kira ruwa mai nauyi, shi ne wanda ya kwaso sinadaran kalsiyam da maganiziyam da yawa daga duwatsun da ya ratsa a ƙarƙashin ƙasa. A Duza da sauran garuruwan Anka da Bukkuyum da Gummi, galibin gidaje da rijiya da burtsatse suka dogara, don haka irin dutsen da ke ƙasan gari shi ke yanke hukuncin ruwan da za a sha. Anka da Bukkuyum galibi suna kan tsohon dutse mai tauri. Daga Gummi zuwa yamma kuwa ƙasar tana gangarawa kwarin Sakkwato, inda ake samun farar ƙasa irin ta Kalambaina da ake yin siminti da ita. Rijiyoyi kan sha bamban ko a gari ɗaya ma: wannan a ce ruwanta da daɗi, waccan a bar wa dabbobi.

Ana auna nauyin ruwa da miligiram a kowace lita. Ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi, sama da 180 kuma ya yi nauyi ƙwarai. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta shekarar 2007 ta tsayar da iyaka a 150.

Mai wanki ce kan fara ganewa, domin sabulu sai ya ƙi kumfa, ya bar dusa-dusa a bakin baho, farin tufa kuma ya dusashe. Amma babbar ɓarna tana wurin da zafi yake. Da an ɗora ruwan a wuta, sinadarin da ya narke a ciki sai ya koma farin ɓawo ya manne. Duk wanda ya leƙa butar mai shayi da ta shekara tana aiki zai ga gindinta ya yi fari fat, ɓawon yana ɓantarewa in an sa farce. Ɓawon nan ba ya barin zafi ya wuce, sai gawayi ya ƙare ruwa bai tafasa ba. Hitar lantarki ta fi shan wuya: ƙarfenta yana gasuwa a cikin ɓawon har ya ƙone, a ɗora wa mai shago laifin sayar da jabu, alhali ruwan ne. Haka ramukan dutsen guga mai tururi suke toshewa.

Masu injin niƙa da ke sanyaya inji da ruwan duro su ma abin ya shafe su, domin ɓawon yana taruwa a hanyoyin ruwan, inji ya riƙa zafi fiye da kima. Lagireton mota ma haka. Batirin sola mai shan ruwa kuwa, zuba masa ruwan rijiya gajarta masa kwana ne. Tataccen ruwan batir kaɗai ya dace da shi.

Maganin ɓawo ba shi da tsada. Ruwan lemun tsami ko ruwan kal, in aka ɗumama shi a buta aka bar shi ya kwana, yana narkar da ɓawon. 'Yar kanwa a ruwan wanki tana kwantar da kalsiyam, sabulu ya samu ya yi kumfa. Ruwan sama da aka tara daga kwanon rufi ba shi da wannan nauyi. Alif dai laka yake kwantarwa, ba ruwansa da zartsi.

A wannan yanki wajibi ne a raba zartsi da gubar dalma. Kalsiyam da maganiziyam ba guba ba ne, jiki ma yana buƙatarsu. Dalmar da ta hallaka yara kusan 400 a 2010 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma ta fito ne daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ta gurɓata ƙasa da kududdufai. Ba ta barin farin ɓawo a buta, tafasawa kuma ba ta fitar da ita. Gwaji ne kawai ke nuna ta, kuma iyakar da aka amince da ita a ruwan sha ita ce miligiram 0.01 a lita.