Hutun Hunturu: Lokacin Da Ya Dace A Yi Wa Rumbu Lissafi

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Zamfara hutun ƙarshen zangon farko na makarantu yakan faɗo ne cikin watan Disamba, daidai lokacin da hunturu ya kankama, kaka kuma ta ƙare. An girbe gero tun watan Satumba, an cire gyaɗa, an yi roron wake, dawa ma ta shigo gida. Daga Gusau zuwa Tsafe, daga Bunguɗu zuwa Kekun Waje, babu lokacin da abinci ya fi araha kamar wannan. Shi ya sa ake tara bukukuwan aure a cikinsa, ɗalibai su dawo daga makarantun kwana, 'yan'uwa da ke birane su zo ganin gida, tukunya ba ta sauka daga murhu.

Wannan wadata ce take ruɗin magidanta da dama. Haƙiƙa abin da iyali za su ci a watan Agusta, a watan Disamba ake yanke hukuncinsa. Saboda haka tsara abincin hutu bai kamata ya tsaya a kan me za a dafa wa baƙi gobe ba. Ya kamata ya zama zaman da maigida da uwargida da 'ya'yansu 'yan makaranta za su yi don duba cimar shekara gaba ɗaya: nawa ke cikin rumbu, me za a haɗa shi da shi, kuma yaya za a adana shi.

Lissafin Rumbu

Masana abinci suna auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da ma'aunin da ake kira kalori. Kilo ɗaya na gero ko dawa yana ɗauke da kalori wajen 3,500, baligi kuwa yana bukatar daga 2,000 zuwa 3,000 a rana, gwargwadon aikin da yake yi. Idan aka haɗa manya da yara, aka ƙiyasta wa kowa rabin kilo na hatsi a rana, sauran ƙarfin ya fito daga wake da mai da miya, to, gida mai mutum goma zai ci kilo 5 kowace rana. Daga farkon Disamba zuwa fitowar sabon gero a Satumba akwai kwana wajen 270. Ke nan wannan gida yana bukatar kilo 1,350, watau buhu 13 da rabi mai cin kilo 100.

Wannan lissafi ɗan aji ɗaya na sakandare zai iya yin sa. Abin da kawai yake bukata shi ne ya kai tiyar gidansu wurin mai sikeli ya san nauyinta, sannan ya tambayi uwargida tiya nawa ake fitarwa kullum. Bayan an fitar da zakka, wadda take kashi ɗaya cikin goma ga amfanin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, sai a ware iri, a ware na ci. Abin da ya saura shi ne na buki da na kasuwa. Gidaje da yawa suna bin wannan jeri ne a juye: a fara da buki da kasuwa, abin da ya rage a ce shi ne na ci. Sakamakon haka, manomin da ya sayar da geronsa da araha a Disamba, shi ne zai koma kasuwa ya saye shi da tsada a Yuli, lokacin da aikin gona ya fi tsanani, jiki ya fi bukatar abinci, zazzaɓin cizon sauro kuma ya fi kama yara.

Hatsi Da Abokin Tafiyarsa

Akwai wata fahimta da ta yaɗu cewa ba a karrama baƙo sai da shinkafa ko taliya, tuwon dawa da hoce kuwa abincin ƙauye ne. Kimiyya ba ta goyi bayan wannan fahimta ba. A cikin kowane giram 100, gero yana da sinadarin gina jiki, watau furotin, wajen giram 11, farar shinkafa kuwa wajen giram 7. Gero ya kuma fi ta sinadarin ƙarfe wanda jiki ke haɗa jini da shi. Ba banza ba Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 ta zama shekarar gero da danginsa a duniya baki ɗaya.

Sai dai hatsi kaɗai ba ya isa. Furotin yana ginuwa ne daga wasu ƙananan tubala, kuma ɗaya daga cikinsu, mai suna laisin, ya yi ƙaranci a gero da dawa da masara. Wake yana da shi da yawa, ga shi kuma furotin ɗinsa ya haura giram 20 a cikin 100. Shi ma waken yana da ƙarancin wani tubalin mai suna metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Idan aka haɗa su, kowane ya cike giɓin ɗan'uwansa. Kakanni ba su san waɗannan sunaye ba, amma girkinsu ya bi ƙa'idar: koko da ƙosai, hoce da ƙuli-ƙuli, fura da nono, kunun gyaɗa, tuwo da miyar da aka sa wa daddawa. Abin takaici shi ne, a gidaje da yawa ɗanwake ya zama fulawa da garin rogo, sunan kawai ya rage. Uwargidar da ta mayar da wake cikin ɗanwakenta, ko ta sa awo ɗaya na wake a kan kowane awo uku na hatsi, ta ƙara wa 'ya'yanta gina jiki ba tare da ta sayi nama ba.

Maganar ba ƙarama ba ce. Binciken lafiyar jama'a da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyar Arewa maso Yamma, inda Zamfara take, adadin ya kai kashi 57 cikin ɗari. Tsumburewa ba a tsayi kaɗai take tsayawa ba, tana shafar ƙwaƙwalwa da fahimtar karatu. Yankin da ya fi noman gero da dawa da wake bai cancanci wannan matsayi ba.

Miyar Bazara A Hunturu Ake Tanadinta

Hunturu lokaci ne na kabewa da yakuwa da kuɓewa, kuma a fadamun da ke bakin kogin Sakkwato, wanda ya ratsa ta Gusau da Bunguɗu, lambu ya fara ba da tumatir da alayyafo da karas. Kabewa da karas da zogale da alayyafo suna ɗauke da sinadarin karotin, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Rashin wannan bitamin shi ke kawo dundumi, yana kuma raunana garkuwar yaro a gaban ƙyanda da gudawa. Da yake karotin a cikin maiƙo yake narkewa, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya fi dafaffen zogale tsura amfani ga jiki.

Busasshiyar iskar hunturu kyauta ce ga mai son shanya. Amma zafin rana kai-tsaye yana lalata wani kaso na karotin, don haka ganyen zogale da na kuka a inuwa ya kamata a shanya su, a kan tabarma mai tsabta, a lulluɓe da yadi marar kauri saboda ƙura. Ganyen da ya bushe da koren launinsa ya fi wanda ya koɗe daraja. Haka kuma yana da kyau a san cewa ruwan lemo da gwaba da ɗanyen tumatir suna taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen da ke cikin hatsi da wake, shayi kuwa yana hana shi. Saboda haka shayin da ake yawan sha don sanyi, a ba shi tazara da lokacin cin tuwo. Yawan kanwa a girkin wake ma yana lalata bitamin B1, alhali jiƙa waken tun dare yana sa ya nuna da wuri, ya rage cin itace.

Ajiya

Lissafi ba zai yi amfani ba idan gunda da ƙwari suka cinye rabin abin da aka lissafa. Sharaɗi na farko shi ne bushewa. Akwai gwaji mai sauƙi: a zuba hatsi a busasshiyar kwalba, a ƙara soyayyen gishiri, a rufe, a girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin yana da sauran danshi, a mayar da shi shanya.

Danshi shi ke jawo fumfuna, kuma wani nau'in fumfuna da ke kama gyaɗa da masara yana fitar da guba mai suna afulatoksin. Wannan guba ba ta da ɗanɗanon da za a gane ta da shi, dafuwa ba ta kashe ta, kuma tana haddasa ciwon dajin hanta. A ƙasar Kenya, a 2004, mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da ta kamu da ita. Don haka gyaɗar da ta yamutse ko ta canza launi, tsince ta za a yi a zubar. Kuskure ne babba a ce tunda kasuwa ta ƙi ta, a yi ƙulin yara da ita.

Game da wake, wasu suna zuba masa maganin ƙwarin da aka yi don feshin gona ko na ɗaki. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a cikinsa. Abin da wasu suka ƙi saya don tsoron lafiyarsu, bai dace a zuba shi a tukunyar gida ba. Akwai hanyar da ba ta bukatar magani ko kaɗan, ita ce toshe iska. Buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Afirka suka fara yaɗawa a 2007, yana da leda biyu a ciki da buhu a waje. Idan aka ɗaure kowane da kyau, ƙwarin suna shaƙe iskar da ta rage, su mutu. Jarka mai tsabta da aka cika ta har baki aka toshe murfinta tana yin wannan aiki.

Buki Da Baƙi

Mai karatu yana iya cewa wannan duk rowa ce aka yi wa ado da kimiyya, ai baƙo rahama ne, kuma mutuncin gida yana cikin akushinsa. Gaskiya ne. Al'adar ciyayya, inda magidanta ke fito da kwanoninsu zaure a ci tare, ta rufa wa marasa ƙarfi asiri shekaru aru-aru, haka ma aika wa maƙwabta abinci, har tsakanin Musulmi da Kirista a lokacin Sallah da Kirsimeti. Lissafi ba ya kashe waɗannan al'adu, shi ne ma yake raya su, domin gidan da rumbunsa ya ƙare a Mayu ba shi da kwanon da zai fitar zaure a Agusta. Abin da ake suka shi ne gasa, a sayar da buhun gero da dama a sayi shinkafar da za a yi almubazzaranci da ita cikin yini biyu.

Akwai kuma batun ragowar abincin buki. Sanyin hunturu ba firiji ba ne. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, daren Disamba a Gusau kuwa ba ya kusantar digiri 5. Shinkafar da ta kwana a roba tana iya ɓata ciki ko da ba ta yi wari ba. A dafa daidai ci, ɗumame kuma a tabbata ya yi zafi har cikinsa.

Wani zai ƙara da cewa talaka ba da son ransa yake sayar da hatsi da kaka ba. Bashin taki yana jiran sa, ga kuɗin makaranta, kuma a sassa da dama na Zamfara 'yan bindiga sun hana noma, ko sun ɗora wa manoma haraji kafin su girbe abin da suka shuka. Wannan ma gaskiya ce, kuma nauyin magance ta yana wuyan hukuma. Amma ƙarancin amfani dalili ne na ƙara tsananta lissafi. Wanda ya san buhu 8 gare shi alhali 13 yake bukata, gara ya sani a Disamba, lokacin da hatsi ke da araha, akwai kuma damar yin lambu ko sayar da akuya da daraja, da ya gano haka a Yuni.

Aikin Ɗalibai Da Malamai

Malaman lissafi da na kimiyyar noma da na tattalin gida suna da dama a nan. Maimakon aikin hutun da za a kwafo daga littafi, a ba kowane ɗalibi aiki huɗu: ya auna tiyar gidansu ya lissafa kwanakin da hatsinsu zai kai, ya rubuta abin da aka ci a gida na mako guda ya ƙirga sau nawa wake ko gyaɗa ko nono ya shiga, ya yi gwajin kwalba da gishiri, sannan ya zauna da kakarsa ya rubuta yadda ake yin wani abincin gargajiya da ya fara ɓacewa. Ɗalibi namiji ma ya yi, domin gobe shi ne mai riƙe da mabuɗin rumbu. A yi wannan cikin ladabi, don babu magidancin da zai ji daɗi ɗansa ya shigo da alƙalami yana yi masa bincike. Yaro ya nemi izini, ya nuna wa mahaifinsa sakamakon shi kaɗai.

Bukatar wannan tsari za ta ƙaru nan gaba, domin shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kwana 11, azumi yana matsowa cikin hunturu. A 2030 ana sa ran watan Ramalana zai kama sau biyu, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Ke nan hidimar azumi da ta Sallah da ta bukukuwan kaka za su haɗu a kan rumbu ɗaya. Masu iya magana sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Gidan da ya saba da lissafi tun yanzu, wannan haɗuwa ba za ta zo masa ba zato ba.