Taskar Tarihi: Motar Da Yaƙi Ya Kwashe Wa Tagulla

A cikin watan Oktoba na 2011, a garin Hershey na ƙasar Amurka, aka yi gwanjon wata tsohuwar mota a kan kuɗi dala miliyan 4.62. Mai karatu zai ce wace irin mota ce wannan? To, ba ta shan fetur, ba ta da rufi, kuma kafin ta motsa sai an hura mata wuta da kwal ko itace, a jira wajen rabin sa'a ruwan tukunyarta ya tafasa, tururi ya taru.

A Faransa aka ƙera ta a 1884. Wani basarake mai suna De Dion ya zuba dukiyarsa, maƙera biyu, watau Bouton da Trépardoux, suka zuba basirarsu. De Dion ya raɗa mata suna La Marquise, laƙabin sarautar mahaifiyarsa. In ta sami hanya takan yi gudun mil 38 a sa'a, amma bayan kamar mil 20 sai an tsaya an ƙara mata ruwa, kamar dai dokin da ya yi sukuwa.

A 1906 De Dion ya sayar da ita ga wani hafsan sojan Faransa. Nan ne wahalarta ta soma. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, gwamnati ta shiga neman tagulla da jan ƙarfe ruwa a jallo don kayan yaƙi. Aka ɓalle duk wanda ke jikin motar aka tafi da shi, aka bar ta gawa. Hafsan da ɗansa sun yi iyakacin ƙoƙarinsu su tashe ta, abin ya faskara. Duk da haka ba su miƙa ta ga masu sayen tsohon ƙarfe ba, ko da yake da sun yi hakan ba mai ganin laifinsu. Shekara 81 tana gidan nan, galibinsu a kwance, kuma wannan riƙo nasu ya fi kowane gyara da aka yi mata daga baya muhimmanci.

Sai a 1987 wani Bature ɗan Ingila, ma'abocin tsofaffin motoci, ya saye ta. Kayan gyaranta kuwa ba kantin da ke sayar da su. Sai ya nufi gidan ajiye kayan tarihi na Le Mans, inda akwai ƙanwarta ƙirar 1890, ya auna abubuwan da suka ɓace, aka ƙera sababbi. Ta tashi, har ya riƙa shiga da ita jerin gwanon tsofaffin motoci da ake yi daga Landan zuwa Brighton.

A 2007 wani lauya na jihar Texas, John O'Quinn, ya biya dala miliyan 3.52 ya mallake ta. Bai daɗe da ita ba, gama ya rasu a haɗarin mota a 2009, shi ya sa ta koma kasuwa. Ranar gwanjon ba tura ta aka yi ba. Da tururinta ta hau dandali tana huci, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna tafi.