Birkin Da Ke Ƙarƙashin Tarago Ba Ado Ba Ne

A Amurka akwai masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen ƙasa da ke kwaikwayon na gaske. Ma'aunin da suka fi amfani da shi ana kiransa HO, wato kashi 1 cikin 87 na girman jirgin gaske. Akwai muhawarar da ta daɗe a tsakaninsu: shin ya dace mutum ya ɓata sa'o'i yana haɗa kayan birki a ƙarƙashin taragon kaya, wurin da ido bai cika kaiwa ba? Ni dai ina tare da masu cewa ya dace.

Dalilina shi ne, birki yana faɗin shekarun tarago. George Westinghouse ya yi rajistar birkin iska a 1869, sannan dokar da Amurka ta kafa a 1893 ta sa ya game jiragen ƙasar. Tsohon tsarin da ake kira K, a nau'insa na KC, silinda da tankin iska haɗe suke wuri guda. Tsarin AB da ya fito a 1933 kuwa ya raba kayan uku: silinda, tanki mai ɗaki biyu, da bawul mai sarrafa iska. A 1953 aka hana taragon da ke da birkin K shiga layin wani kamfani. Don haka wanda ya ce yana nuna shekarar 1960, amma ya jera taragai masu birkin K suna yawo tsakanin kamfanoni, ya yi wa tarihi ƙarya, ko da fentinsa ya fi na kowa kyau.

Jerin kayan ma yana da ƙa'ida. Sandar da ke fitowa daga silinda tana fuskantar ƙarshen taragon da wilin birkin hannu yake. Zanen injiniyoyi yakan nuna kayan kamar ana leƙensu ta sama, shi kuwa mai ƙira kifa taragon yake yi kafin ya manna su. In bai lura ba, sai komai ya fito a juye kamar a madubi.

Masu suka suna da hujja. Siraran wayoyin tagulla da ake yin bututu da sanduna da su suna lanƙwashewa da wuri, kuma a matsattsiyar kwana sukan tokare ƙafafun tarago har ya sauka daga layi. A nan na yarda a rage sandunan, domin taragon da ba ya tafiya ba shi da amfani. Amma ragewa da sani daban, manna tanki inda aka ga dama daban.

Cewar ba a gani ma ba gaskiya ba ce. Duk wanda ya sunkuya ya kalli tarago ta gefe zai hango tanki da sanduna a tsakanin ƙafafun. In babu su, sai wurin ya zama fayau kamar akwati a kan taya.

Ku kuma me kuka gani?